Litir Goma Sha Takwas Zuwa Dogo-Dogo

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren jikata Barira ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen Dogo-Dogo ba za su bar ni ba. Shi ya sa na ce gara in rubuta da hannuna yadda abin ya faru, tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, har an fara saka raƙumi a ciki. Babu raƙumi. Shanu ne.

Ni mai man gyaɗa ce a nan Magariya. Shekara arba'in da ɗoriya ina suya, ina matsa, ina awo a kwalba. In ka kawo mini tiya goma ta gyaɗa, kafin in hura wuta zan gaya maka kwalba nawa za ta ba da. Karatu kuwa sai da furfura ta gama cinye kaina na shiga makarantar yaƙi da jahilci, ni da wasu tsofaffi irina, muna zaune a tabarma muna jan baƙaƙe kamar awaki. Na iya kuma. Ranar da na iya, ranar Allah ya jarrabi ƴan gidanmu, don na sayi kaye, wato littafin rubutu, da alƙalamin bik, komai na gani sai na rubuta. (Har ranar da akuyata ta haihu tana ciki, da abin da ta haifa.) Kuma abin da na rubuta, a wurina ya zauna ke nan. Wanda ya yi musu, in buɗe masa shafi.

Barira ni na riƙe ta tun daga yaye. Da ta isa aure ta kawo wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Dogo-Dogo, ita ta zaɓo abinta, ni kuma ban ga aibinsa ba. Aibinsa ɗaya, kakarsa. Hajiya Indo sunanta, tsohuwa ce tsarata, bakinta kamar an wasa shi a dutse. Ranar da muka fara haɗuwa, ko ruwa ban gama sha ba ta ce wai ta ji ƴan Magariya sai baki, kayan ɗakinsu jaki ɗaya ke ɗauke shi har da wurin zaman mai jakin.

Na ajiye moɗa na ce, "Hajiya, kayan jikata ba zai hau jaki ba, ba zai hau amalanke ba. A mota kat-kat zai zo. Ranar ki fito bakin gari ki gani da idonki, ki zo da makaɗa."

Ta ce, "Zan fito."

Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.

Kat-kat ɗin da na yi alfahari da ita ta Shafi'u ce, ɗan ƙanena, magidanci mai gemu har ya fara fari. Tsohuwar mota ce mai buɗaɗɗen baya, da ita yake kai buhuna kasuwannin ƙauye. Allurar da ke nuna mai ta mutu tun ban san yaushe ba, kara yake tsomawa a tanki ya duba. Kuma kun san yadda ake yi a dangi: ɗan'uwa ya ba ka aron mota da kansa, ba ya karɓar komai, amma esansi, man da za ta sha, naka ne.

Ranar nan da na haɗu da Hajiya Indo, da motar muka je, mun je ganin ɗakin da za a sa yarinyar mu auna shi da igiya. Ƙarshen damina ne, an kwana ana ruwa, ƙasa ta kwanta lif. Muka tashi bayan asuba, mu uku kacal, ni da Shafi'u da ƙawata Tsahara. Ya cika tanki a Magariya. Da muka isa Dogo-Dogo ya tsaya bayan lakwal wurin mai sayar da esansi a kwalabe, aka yi ta juyewa har tanki ya sake cika. Ina tsaye ina ƙirgawa. Kwalba goma sha biyar, kowace litir ɗaya. Na ciro kaye na rubuta: Magariya zuwa Dogo-Dogo, litir 15. Har layi na ja a ƙarƙashi.

Biki sai da aka kai bazara. Ana gobe jere Shafi'u ya zo daga wata kasuwa, tankinsa kusan a bushe. Ya zagaya kayan da aka tara a tsakar gida, gado da katifa da armuwar, wato kabad ɗin kaya mai madubi, buhunan gero da shinkafa, turmi, tukwane, kwanuka, ya sake zagayawa, ya ce, "Gwaggo, litir talatin."

Na ce, "Dogo-Dogon matsawa ta yi? Tun damina ta ƙara gaba?"

"Tana nan inda take."

"To hanya ɗaya, mota ɗaya, direba ɗaya." Na buɗe masa shafin, na ɗora yatsa. "Karanta."

"Gwaggo, na gani. Amma ranar mu uku ne, bayan mota babu ko tsinke. Kuma an yi ruwa. Yanzu rairayi ya saki, in rana ta take kamar gari yake."

"Shafi'u, ni fa da awo na girma. Kafin a haife ka nake auna mai. Zan ƙara maka uku don zumunci. Sha takwas, ba ƙari."

Ba rowa ba ce, Allah ya sani, a bikin nan na kashe abin da ya fi haka ban ji komai ba. Abin da ba na so shi ne a ga na tsufa a raina mini hankali, bayan ga shi a rubuce. Ya dube ni, ya yi wani ɗan murmushi, ya ce, "To Gwaggo, yadda kika ce." Na ce a raina, ka ga amfanin karatu ke nan. Da ban iya ba da ya cinye ni.

Tsarin ranar shi ne mu ƴan jere mu yi gaba da kaya mu gyara ɗaki, motar amarya ta taso bayan azahar, ta shiga gari kafin magariba. Duk macen da ta taɓa aurar da ƴa ta san abin da wannan yake nufi. In amarya ta iso ta tarar da ɗaki fayau, aka shimfiɗa mata tabarmar aro, to har ta yi jikoki da shi za a riƙa tuna ta a garin. Ba ni za a yi wa gori ba, ni zan koma gidana. Ita za ta zauna da su.

Shafi'u ya so a yi lodi da asuba mu bi sanyi. Na ce a'a, sai hantsi, lokacin da maƙwabta suka fito. Wa zai ga kaya a duhu? Ya so ya kwantar da armuwar a bayanta ya shimfiɗa katifa a kai. Na ce a tsaye za su tafi, madubi ya kalli waje, katifa kuma a jingine bayan kan mota cikin ledarta tana ƙyalli. Da aka gama ɗaurewa ta fi kan motar tsawo da kamu biyu.

Ya ja baya ya duba ya ce, "Gwaggo, wannan ai katanga kika gina. Iska za mu yi ta turawa har Dogo-Dogo."

Na ce, "Iska nauyi gare ta?"

Ya juya ya tafi wurin ɗaurin aure.

To a nan ne na yi abin da na yi. Ina duba ɗaurin kaya sai na ga wani bido, jarka ruwan ɗorawa, a kusurwa, an ɗaure shi da igiya. Na buɗe na sunsuna. Esansi ne, cike har wuya, ga shi manne da kwandon alkaki da nakiya, ga katifar amarya a gefe. Na ce lallai yaron nan, wato yana da nasa a ɓoye yake neman talatin a wurina. Kuma ni ba za a ce alkakin jikata yana warin tasha ba. Na sa aka sauke shi aka ajiye a zaure bayan ƙofa. Dama ina neman inda zan sa bidon man gyaɗar da na matsa wa Barira da hannuna, shi ma ruwan ɗorawa, girmansu ɗaya. Na sa shi a gurbin, na ɗaure da igiyar nan. (Ba ɓoyewa na yi ba. Faɗa ne dai ban yi ba.)

Ƴan jere mutum shida muka tsara. Da aka zo hawa suka zama goma sha ɗaya, don wa za ka ce wa sauka ranar biki? Wannan ƙanwar uba ce, waccan ita ta yi wa yarinyar kitson farko, waccan kuma ta riga ta hau. Suka lafe tsakanin buhuna, bayan motar ya zauna ƙasa kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri. Ni da Tsahara muka shiga gaba, na sha sabuwar shadda mai sitaci. Ko kwanar unguwa ba mu sha ba na ce a rufe gilashi a kunna kilim, na'urar sanyi.

Shafi'u ya ce, "Gwaggo, ita ma kilim daga tankin take sha."

Na ce, "Esansi wuta ne, kilim sanyi ce. Ina suka haɗu? Kunna."

Ya kunna.

Tsakanin Magariya da Dungass muna da dangi a ƙauyuka uku, kuma ba a wuce ƙofar ɗan'uwa da kayan biki ba a tsaya ya sa albarka ba. Kowane gari na sauka, aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, aka sha fura, aka fito aka shafa armuwar. Kowane gari kuma na hana a kashe mota, don Tsahara tana ciki da ciwon ƙafa tana shan sanyi, kuma gaskiya ina son a ji ƙararta. A gari na uku Shafi'u ya kai hannu ga makulli, na ce bari.

"Tsaye take, me take ci?"

Ya ce, "Gwaggo, in kika sauke tukunya kika bar wuta a murhu, itacen daina ci yake yi?"

Wannan kam ta shige ni. Amma a gaban mutane muke, sai na ce ya daina kawo mini maganar murhu, bai taɓa hura ko ɗaya ba.

A Dungass masu kwalabe suna jere a bakin hanya. Ya rage gudu ya ce, "Mu ƙara ko kaɗan?" Na ce wuce, rana tana yi. Sai na ga ya waiga ta gilashin baya, ya dubi kusurwar nan, ya ce "To," ya wuce. Na ga waigen. Na san abin da ya duba. Amma na taɓa jakata na ji kayena yana ciki, na ce sha biyar ne, har da ƙarin uku.

Bayan Dungass aka shiga rairayi na gaske. Ya tsaya ya sauka, ya bi tayoyi huɗu yana sace musu iska, suna huci. Na leƙo na ce, "Iskar ma zubar da ita kake yi?" Ya ce in taya ta yi tauri nutsewa take yi, sai ta yi laushi take shimfiɗuwa a kan rairayi, sai dai motar ta fi wahalar ja. Ya dawo ya ja wata ƴar gajeruwar sanda kusa da gwiwar Tsahara, wai ita ke sa ƙafafu huɗu duka su yi aiki. Daga nan muryar motar ta sake. Da damina waƙa take yi a hanyar nan, yanzu nishi take kamar saniya mai naƙuda, ƙara da yawa tafiya kaɗan. Katifa a sama tana ta bugun iska, bam, bam. Sau biyu muka kafe, mata suka sauka suka tura, taya tana juyawa a wuri ɗaya tana watsa musu ƙasa. Ni ina ciki ina shan kilim ina cewa su yi da ƙarfi.

Azahar ta ɗan gota, mun hango itatuwan Dogo-Dogo can nesa, na gyara ɗaurin ɗankwalina, na ce wa Tsahara, "Kin gani? Talatin wai." Ban rufe baki ba motar ta yi tari. Ta sake yi. Ta yi wata ƴar girgiza kamar mai jin sanyi, ta yi shiru. Kilim ta ɗauke. Sai kukan kurciya.

Shafi'u ko a jikinsa. Har fito yake yi da baki. Ya tsoma karansa a tanki ya ciro a bushe, ya nuna mini ta gilashi, ya hau baya ya ce wa mata su ɗan matsa, ya kwance bido ya sauko da shi. Ya sa mazurari a bakin tanki. Ya buɗe murfi.

Ni dai ina kallon gabana.

Na ji fiton ya tsaya. Na ji shiru ya yi yawa. Da na waiga, ya tsoma yatsa a bidon ya kai baki yana ɗanɗanawa. Ya zagayo wajen gilashina a hankali, na sauke.

Ya ce, "Gwaggo, wannan naki ne. Na san hannunki, suyar ta yi."

Na ce, "Nawa ne."

"Ina nawa?"

"Yana zaure. Bayan ƙofa."

"A Magariya."

"A Magariya."

Ya ɗaga kai ya dubi sama ya daɗe. Mata goma sha ɗaya sun leƙo ta saman buhuna. To da na yi shiru a nan da da sauƙi. Amma bakina bai saba ba, sai na ji na ce, "Ba za ta sha wannan ɗin ba? Tsantsa ne fa, ba gauraye." Tsahara ce ta fara, ta kifa kai a gwiwa kafaɗunta suna rawa, sai na baya suka ɗauka. Har Shafi'u sai da ya juya baya.

Dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya dubi rana. Motar amarya ta riga ta taso, ba lodi gare ta ba, ba gaisuwa za ta tsaya yi ba. Shafi'u ya ciro salula ya ce bari ya kira gidan ango a aiko babur da kwalba biyu. Na riƙe hannunsa. Na ce in ya kira gidan nan, kafin babur ya tashi Hajiya Indo ta ji, kuma gara a binne ni a rairayin nan. Ya ce to ya taka da ƙafa. Muka duba, zuwa da dawowa a wannan rana, la'asar ta wuce ba a kafa ko ƙafar gado ba.

Muna cikin haka sai ga amalanke biyu sun fito daga gona, wani dattijo Malam Idi da ƙanensa, sun kai taki suna komawa gari. Nan take dabara ta zo mini, kuma har yau ina cewa dabara ce mai kyau. A sauke kaya masu nauyi a amalanke ɗaya. A kwance shanun ɗayar su ja motar. Mu lallaɓa har bayan lakwal inda mai kwalabe yake, a zuba mata litir biyu, a mayar da kaya, a tayar da armuwar tsaye, mu shiga gari muna danna oda kamar ba abin da ya faru. Wa zai sani?

Malam Idi ya ce, "Hajiya, amalanken fa taki ta ɗauko."

Na ce a share a shimfiɗa tabarmi. Haka aka yi. Armuwar ɗin da na ce ba za ta kwanta ba ta kwanta, a amalanken da na ce ba za ta hau ba. Mata suka ɗauki kwanuka a ka. Aka ɗaura igiya a gaban kat-kat aka haɗa da bijimai biyu. Sai Shafi'u ya ce shi dole ya koma baya ya tura, don shanu kaɗai ba za su fitar da ita ba, a samu mai riƙe bolan, wato sitiyari. Tsahara ta ce ita ko keken ɗinki ba ta taɓa juyawa ba, ta sauka ta hau amalanken kaya. Sauran duk da kaya a kansu. Kowa ya dube ni.

Na tattara shaddata na koma kujerar direba.

Ya ce, "Gwaggo, ki riƙe nan da hannu biyu, ki bi sawun tayar da ke gabanki. Kada ki taka komai. Kada ki danna komai. Don Allah yau ɗaya ki ji maganata."

Zan faɗi gaskiya, na ji daɗi. Gumi yana bin bayana, ƙudaje sun biyo shanu sun cika motar, amma ga ni a kujerar da ban taɓa zaton zan zauna ba, ina juyawa, tana bi. Na ce ashe abin da maza suke yi wa kumburi ke nan. Har na ɗora gwiwar hannu a taga kamar yadda na ga suna yi.

Mun kusa, rufin lakwal ya fito, sai na ji wani abu. Kalangu. Da guɗa.

Sai a lokacin na tuna. Ni da bakina na ce ta fito bakin gari ta zo da makaɗa. Ta kuwa fito, ita da matan garin kaf, tun azahar suke jira, kuma da rana ta dame su suka koma inuwar itatuwan da ke kusa da rijiya. Bayan lakwal. Daidai teburin mai kwalabe.

Na so in ce wa Malam Idi ya tsayar da shanu mu yi shawara. Na miƙe na turo kai gaba don ya ji ni, ƙirjina ya danne tsakiyar bolan. Ban san nan oda take ba. Bijiman nan kuwa ba su taɓa jin oda a gindin wutsiyarsu ba. Suka zabura. Igiya ta fizge daga hannun Malam Idi, Shafi'u da ke turawa ya faɗi rub da ciki, mata suka rage a baya da kwanuka. Wurin kuma ƙasa ta fara tauri, ga gangara. Sai ni kaɗai a cikin kat-kat, bijimai biyu suna sukuwa da ni, ɗankwalina ya zame ya rufe mini ido ɗaya, ni kuma saboda tsoro na ƙanƙame bolan, oda tana ta kuka. An ce kada in taka komai, ban taka ba. Wannan kam na ji magana.

Allah ya taimake ni a rijiyar nan ake shayar da su kullum. Suna isa kwamin ruwa suka ja suka tsaya, suka sa baki. Motar ta gangaro a hankali ta tsaya a tsakiyar taro.

Makaɗi ya tsaya da gula a sama. Mai guɗa ta bar baki buɗe. Can baya ga amalanke tana tahowa ƙiƙi-ƙaƙa, armuwar a kwance tana kallon sama, ga Shafi'u yana tofar da ƙasa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Hajiya Indo ta taso da sandarta, ba gaggawa. Ta zo taga. Ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, sannu da zuwa, sannu da hanya, ina gajiya, ina mutanen Magariya, ba ta tsallake ko ɗaya ba, ni kuma ina amsawa da ido ɗaya. Sannan ta dubi shanun, ta dubi motar, ta ce, "Hajiya, ita motar taku dusa take ci ko harawa? In sa a kawo."

Na gyara ɗankwalina. Na ce, "Bar shi, Hajiya. Ba ta ci a gaban surukai. Tarbiyyar Magariya ce."

Wurin ya fashe. Ita kanta sai da ta riƙe ƙofar motar, hawaye yana zubo mata. Da ta samu numfashi ta nuna amalanke da sanda ta ce, "Kin ce ba zai hau ba."

Na ce, "Na ce. Ya hau. Laifina ne, ba na direba ba." Sai na rage murya, don wannan ba ta taro ba ce. Na ce, "Indo, yarinyata tana hanya, ko ƙusa ba a kafa ba. Dariyar ki ajiye, zan zo har gida ki yi mini ita. Yanzu ki ba ni hannu."

Ta dube ni, ta dubi rana. Ta juya ta buga sanda a ƙasa, ta kira matan gidansu da suna ɗaya bayan ɗaya. Kun san dangin ango ba sa shiga jere, nasu su zo daga baya su duba su taɓe baki. Ranar sun shiga. Masu goge armuwar da ruwan turare suna yi, masu kafa gado suna yi, Hajiya Indo tana zaune a bakin ƙofa tana ba da umarni, ni ina ciki ina warware umarninta. Ina ɗora kwano na ƙarshe muka ji odar motar amarya a bakin gari. Barira ta shigo lulluɓe tana kukanta na amare, aka zaunar da ita a kan katifarta sabuwa, ɗaki yana ƙamshi. Alkakin ma ba ya warin komai, wannan a rubuta mini shi.

Sai bayan kwana biyu labari ya kai wa Barira. Ta kira ni ta ce, "Kaka, wai da gaske ke kika tuƙo mota?" Na ce ni ce, kuma duk tsofaffin Dogo-Dogo a nuna mini wadda ta taɓa yi.

Da na dawo gida na ɗauko kayena zan soke layin nan, sai na fasa, don ba ƙarya na rubuta ba. Sha biyar ɗin ta sha. Sai na ƙara a ƙarƙashinsa: in an kwana ana ruwa, in da asuba ne, in mutum uku ne, in babu armuwar a tsaye, babu kilim, babu gaisuwa. Ina cikin rubutawa abin ya ba ni haushi, don ai na sani. Tiya goma ta gyaɗar da ta bushe da tiya goma ta wadda ta sha raɓa ba kwalba ɗaya suke ba ni ba, shi ya sa kafin in faɗi adadi sai na ɓare ɗaya na tauna. Gyaɗa nake taunawa, amma hanya ban tauna ba, don ita na rubuta ta. Takarda abin da ka gaya mata ranar take riƙewa, ba ta leƙa waje ta ga ko bazara ta shigo.

Yanzu in wani a dangi zai ari motar Shafi'u, wurina ake turo shi. In tambaye shi mutum nawa, kaya me da me, wane wata, ƙarfe nawa za a tashi, dangi nawa ne a hanya. In ya ce shida, in ce ya sayi na goma sha ɗaya. Bidon Shafi'u kuwa na mayar masa cike yadda na same shi, na sa fenti na rubuta ESANSI a jikinsa da manyan baƙaƙe, da hannuna. Ya gode, ya karɓa. Amma na lura ya saya masa sarƙa da kwaɗo.

A Dogo-Dogo har yau Hajiya Direba suke ce mini. Ina amsawa.